Sikelin Amurka ba ya jin kilo

'Yan uwa, masu shirin tahowa Amurka sukan yi tambaya a kan sanyi da kuɗin haya da aikin yi. Ba kasafai wani ke tambaya a kan sikeli ba, alhali kuwa shi ne abin da zai iya jefa ɗan mutum cikin haɗari tun bai gama kwance kayansa ba.

A asibitin yara a nan, idan aka auna jariri sai a ce wa uwar nauyinsa 22. Wannan 22 ɗin laba ce. Laba ɗaya giram 454 ce, kilo ɗaya kuma laba 2.2, don haka yaron kilo 10 ne. Inda gizo ke saƙar shi ne, maganin yara da kilo ake lissafa shi, har a nan Amurkan. A ɗauki farasitamol, wanda a nan ake rubuta acetaminophen a jikin kwalbarsa. Abin da aka saba shi ne miligiram 10 zuwa 15 a kan kowane kilo na nauyin yaro. Mai kilo 10 ke nan ba zai wuce miligiram 150 a sha ɗaya ba. Amma idan aka ɗauki 22 ɗin nan a matsayin kilo aka ninka da 15, sai a samu 330, fiye da ninki biyu. A maimaita wannan sau huɗu a yini, kwana biyu ko uku, hantar yaro ce za ta ɗauki nauyin kuskuren. Ba sai uwa ta jahilci komai ba. Ya isa a ce ta kira wata 'yar uwarta ma'aikaciyar jinya a gida, ta ce mata nauyinsa 22, ita kuma ta yi mata lissafi tsakani da Allah a kan kilo.

Ba a nan abin ya tsaya ba. Ruwan maganin yara da ake sayarwa a nan yana da miligiram 160 a cikin kowane mililita 5, wanda aka fi sabawa da shi a wajenmu da Ingila kuwa 120 ne a cikin mililita 5. Cikin murfi iri ɗaya, ƙarfin magani daban. Ga kuma rikicin cokali. A tsofaffin takardun magani ana rubuta tsp, wato ƙaramin cokali mai mililita 5, ko tbsp, babban cokali mai mililita 15. Harafi ɗaya ne tsakaninsu, amma ninki uku ne a cikin yaro. Shi ya sa a 2015 ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta ba da shawarar a daina rubuta cokali, a koma mililita kaɗai, a kuma riƙa ba da magani da sirinji mai lamba. A wannan kam sun yi daidai, kuma mu ma ya kamata mu daina ɗauko cokalin shayi daga kwando muna ɗura wa yara magani da shi. Cokula goma a gida ɗaya, da wuya a samu biyu masu ciki ɗaya.

Ma'aunin zafin jiki ma haka. Likita zai ce idan jariri ya kai 100.4 a kawo shi. Wannan Faranhait ne, daidai yake da 38 a Salshiyas. Hanyar juyawa ita ce a cire 32, a ninka da 5, a raba da 9. Lafiyayyen jiki 98.6, wato 37. Idan aka ga 104, wannan 40 ne, ba a jira gari ya waye. Masu ciwon suga kuma su kula, na'urar gwaji a nan tana ba da lamba kamar 126, wanda a Ingila za a ce 7.0. Rabawa da 18 ake yi. Duk wanda zai aika wa iyayensa irin wannan na'ura ya fara tambayar wane lissafi likitansu yake amfani da shi.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne ƙasar nan ba rashin sanin mita da kilo ta yi ba. Majalisarsu ta halatta amfani da su tun 1866. Amurka na cikin ƙasashen da suka sa hannu a yarjejeniyar mita a Paris a 1875. Tun 1959 incin da kansa da mita ake fassara shi, santimita 2.54 cif, laba kuma kilo 0.45359237. Wato duk inci da labar da suke alfahari da su, a kan mita da kilo suke tsaye. A 1975 shugaba Ford ya sa hannu a dokar komawa sabon awo, sai dai dokar ba ta tilasta wa kowa ba, ta ce ganin dama ne. Hukumar da aka kafa don aikin ta mutu a 1982 zamanin Reagan. Abin da ya rage na wancan yunƙuri ɗan kaɗan ne, irin babbar hanyar da ta tashi daga Tucson zuwa Nogales a jihar Arizona, inda allunan nisa suke da kilomita, da kwalbar lemo mai lita 2 da ke zaune kusa da galan ɗin madara a kanti ɗaya.

Kuma sun sha asara a kan wannan tafiya biyu. A 1999 kumbon Mars Climate Orbiter na hukumar NASA ya salwanta a duniyar Mars, domin kamfanin da ya ƙera shi yana aika lissafin ƙarfin tura kumbon da laba, masu tuƙa shi kuma suna karantawa da niyuton, ma'aunin ƙarfi na tsarin mita da kilo. Maƙwabciyarsu Kanada ta ga nata a 1983, tana tsakiyar sauya awo. Jirgin Boeing 767 na Air Canada yana buƙatar mai kilo 22,300, aka yi lissafi da laba, ya tashi da abin da bai kai rabi ba. Injinansa suka mutu a sama, matuƙin ya lallaɓa ya sauke shi a wani tsohon filin jirgin soja a Gimli, Allah ya kiyaye ba a rasa rai ba. Kuskuren da ya kusa kashe mutanen jirgin nan shi ne dai na uwa da kwalbar magani, 2.2 ɗin nan ce.

Sunayen awon ma ba su da amana. Galan na Amurka lita 3.785 ne, na Ingila 4.546, abin da mu muke kira galan kuwa sau da yawa jarka ce mai lita 4. Oza iri uku ce: ta nauyi giram 28.35, ta ruwa mililita 29.6, ta zinariya giram 31.1. Tan na nan laba 2,000 ne, kilo 907, ya gaza tan mai kilo 1,000 da kusan buhu biyu na siminti, don haka mai sayen kaya da yawa ya tabbatar wane tan aka rubuta a takarda kafin ya biya. Jakar jirgi da aka ce laba 50 ita ce kilo 23 ɗin da muka sani.

Makanikai su ma su saurara, tunda motocin nan suna ta kwarara zuwa gida. Sababbin motocin Amurka yawancin notinansu milimita ne, amma tsofaffi da injinan gona da kayan famfo har yanzu inci ne. Noti mai rabin inci milimita 12.7 ne. Sifana mai lamba 13 za ta shiga, a ga kamar ta yi, amma da ɗan lilo. A matsa da ƙarfi sai ta cinye kusurwoyin notin ya zama kamar ƙwallo, daga nan sai guduma da kurfi. Haka noti mai inci 9/16 yake da sifana mai lamba 14, kusa amma ba daidai ba. Wanda ya yi kusan dacewa shi ne 3/4 da 19. Haƙoran ciki ma daban suke, idan noti ya yi zagaye biyu ya cije, kada a tilasta masa. Kafinta kuma ya sani katakon da ake kira biyu-da-huɗu a nan inci ɗaya da rabi ne da uku da rabi, sunan na kafin a goge shi ne. Takardar ofis ɗinsu ma ba A4 ba ce, ta fi faɗi da milimita 6, ta gaza tsawo da 18, shi ya sa takardun makaranta da aka turo daga gida sukan fito gindinsu a yanke idan aka buga su a nan.

Sai dai a yi wa tsohon awo adalci. Idan ka zauna da magini a nan ka ce masa goma ta fi, zai ce maka ƙafa ɗaya inci 12 ce, tana rabuwa biyu, uku, huɗu da shida ba saura. Goma kuwa biyu da biyar kawai take karɓa. Raba mita gida uku ka gani, santimita 33.333 ne har abada. Gaskiya ya faɗa, kuma iyayenmu sun san wannan tun kafin naira ta zo a 1973. Sule kwabo 12 ne, fam sule 20, wato kwabo 240. Sisi rabin sule, taro rubu'insa, mutum uku su raba sule kowa ya tashi da kwabo huɗu ba rigima. Har yau da na ji tsoho ya ce sisin kwabo sai in tuna gida. Awa mai minti 60 da da'ira mai digiri 360 gadon mutanen Babila ne, kuma sun zauna daram saboda 60 tana rabuwa da kusan komai. Faransawan da suka ƙirƙiro mita sun gwada raba yini awa goma a 1793, ba a jima ba suka haƙura. Kwamfuta ma da bibbiyu take ƙirga, shi ya sa kilo nata 1,024 ne ba 1,000 ba, kuma ma'ajiyar da aka sayar maka a kan terabait ɗaya take nuna gigabait 931 idan ka jona.

Amma alherin mita ba a goman yake ba kaɗai. Yana cikin yadda awo ke shiga cikin awo. Tankin da ke da mita ɗaya tsawo, faɗi da zurfi yana cin lita 1,000, ruwan kuma nauyinsa kilo 1,000, ko yaro zai lissafa a ka. Tambayi Ba'amurke galan nawa ke cikin ƙafa ɗaya ta kowane gefe, sai ya ɗauko waya, amsar 7.48. Mil ƙafa 5,280, laba oza 16, ƙafa inci 12, yadi ƙafa 3. Da a ce duka a kan goma sha biyu suka tafi da an ce tsari ne. Kowanne da hanyarsa.

Duk da wannan ƙorafi, akwai abin da ya sa dole in sara musu. Awonsu karkatacce ne amma ba ya ƙarya. Jihohi da ƙananan hukumomi suna da jami'an da ke zagawa da gwangwanin gwaji da duwatsun awo, su gwada famfon gidan mai da sikelin kanti, su manna takarda mai kwanan wata a inda mai saye zai gani. Famfon da ya kauce sai a rufe shi har a gyara. Kayan da aka ƙunshe kuma yawanci ana rubuta nauyinsu da oza da giram gefe da gefe. Galan a Texas shi ne galan a Ohio.

Mu kuwa mun riga su karɓar mita da kilo a takarda shekaru hamsin da suka wuce, amma har yau mudu muke yi, kuma mudun wannan kasuwa ba shi ne na waccan ba. A bubbuge gindinsa ya shige ciki, a saya da tozo a sayar a shafe, a ce buhu alhali ba wanda ya san kilo nawa ke ciki. Fili a auna da taki, a rubuta ƙafa hamsin da ɗari a takarda, bayan shekara goma 'ya'ya su tsaya gaban alƙali. Mun fi kowa sanin abin da Suratul Muɗaffifina ta faɗa a kan masu tauye mudu, muna karanta ta a sallah. Ba na cewa a jefar da mudu, a bakin mutane yake kuma ina son jin sa. Abin da nake so a ce mudu lita kaza ne, a buga masa hatimi, a sa mai dubawa, kamar yadda Amurkawa suka ɗaure incinsu a jikin mita.

Ga mai tahowa da ƙananan yara, duk lokacin da aka auna yaro ya roƙi a faɗa masa nauyin da kilo, yawancin sikelin asibiti suna da maɓallin juyawa. Ya rubuta lambar tare da kalmar kilo a jikin katin yaron, ya karɓi sirinjin magani a wurin mai ba da maganin, ya kuma karanta miligiram nawa ke cikin mililita 5 a kowace sabuwar kwalba kafin ya buɗe ta.