Jiniya ko gargaɗi a cikin mota?

Duk wanda ya taɓa maƙalewa a cunkoson Kawo a Kaduna ya ji motar asibiti tana ta ihu a baya ya san matsalar jiniya, unguwa gaba ɗaya ta ji, amma direban da ya rufe gilashi ya kunna AC da rediyo sai ta iso bayansa yake ankara.

Ɗayar dabarar kuwa, motar agajin ce ke tura wurin da take ta GPS, saƙo ya faɗo kan allon motarka ko wayarka, kamar yadda manhajar nuna hanya ta Waze ke yi a Amurka, ka kauce tun da wuri. Shiru abinka.

To amma fa ɗan Keke Napep da mai tura baro a Kasuwar Barci wane allo gare su? Ga matsalar netwok. Ni dai a Kaduna jiniya tukuna, a dai rage ta da daddare.