Na kai lofen Kaka gyara Marwa: abin da ya gyaru da abin da ya tafi

Tun rasuwar Kaka lofensa ke ƙasan akwatin Goggo, naɗe cikin tsohon rawani. Ni ba na shan taba, kuma ba zan ba kowa shawarar ya fara ba, domin illar da take yi wa baki da maƙogwaro ba ta bambanta lofe da sigari. Amma ranar da aka zo rabon 'yan tarkacen da suka rage, shi kaɗai na roƙa. Kaka ya yi aikin lodi a tashar jirgin ruwa ta Garwa a arewacin Kamaru, zamanin da jirage ke hawo Binuwai da damina su kwashi auduga da gyaɗa, kuma a gidanmu ana cewa wani Bafaranshe ne ya bar masa shi da zai koma ƙasarsu wajajen 1960.

Da na warware rawanin sai na ga abin tausayi. Wuyan ya tsage kamar tsawon farce, ina jin zafin Garwa na watan Afrilu da bushewar hunturu ne suka taru a kansa. Bakin, wanda a da baƙi ne wuluk, ya koma kore-kore, ga shatin haƙoran Kaka guda biyu. Cikin kan kuwa gawayin taba ya toshe shi har ƙaramin yatsa ba ya shiga. A gefen wuyan an buga “Saint-Claude”, a ɗaya gefen “Bruyère garantie”.

Wannan rubutun shi ne asalin lofen. Saint-Claude gari ne a duwatsun Jura na Faransa da ya yi suna a sassaƙar lofe tun tsakiyar ƙarni na 19, can ne gidajen Chacom da Butz-Choquin suka yi ƙarfi. Itacen kuma, wato “bruyère” ɗin, ba reshe ba ne, wani ƙululu ne da ke fitowa a saiwar wata 'yar bishiya ta gaɓar Bahar Rum, irin su Kosika da Aljeriya. Sai an dafa shi na sa'o'i ruwan jikinsa ya fita, a shanya shi watanni. Masu tara tsofaffin lofe da irin wannan hatimi suke gane inda abu ya fito, wani lokaci har da shekarunsa. In ya goge, itace ne kawai a hannunka.

Wani aboki ya haɗa ni da wani dattijon maƙerin azurfa a Marwa. Ya jujjuya lofen, ya busa, ya ce, “Ɗana, ka bar mini shi in mayar maka da shi amarya. Mu jefar da wannan bakin in sassaƙa maka na ƙaho, in goge jikin tas, a shafa masa fenti mai ƙyalli.”

Ba zan ɓoye ba, raina ya biya, don na ga wuƙaƙen da ya yi wa kube da marfi, aikinsa ba na wasa ba ne. Amma na tsaya na ce, “Baba, duk abin da za a iya cirewa gobe, a yi. Abin da zai ci itacen, a bar shi. Haƙoran nan ma kada a taɓa su.” Ya yi dariya ya ce bai taɓa ganin mai biyan kuɗi don a bar masa cizo ba. Muka shirya a kan jaka takwas ta sefa, mako biyu. Sai da ya yi biyar, amma wannan ban riƙe shi ba, kowa ya san alkawarin maƙera.

Zoben azurfar da ya ɗaure wuyan da shi, a nan ya nuna gwaninta. Siriri ne, ba ado, ya matse tsagar har sai ka kai ta gaban fitila kafin ka gan ta, kuma bakin yana shiga yana fita ba tare da sassauci ba. Irin wannan ɗauri tsohuwar dabara ce a gyaran lofe, ba baƙon abu ya ɗora masa ba. Gawayin ciki ma ya kankare shi da wuƙa marar tsini, ya bar ɗan siriri kamar kaurin kwabo, bai kai ga itacen ba. Bakin kuwa roba ce mai tauri da ake dafawa da farar wuta, farar wutar ce ke tasowa sama idan rana da yawu suka daɗe suna dukansa, ta ba da wannan kore da ɗaci. Ya goge shi a hankali har baƙinsa ya dawo, shatin haƙora na nan daram. Maimakon fenti ya shafa wa jikin kakin zuma, zanen itacen ya fito kamar harshen wuta.

Sai na juya gefen hagu, gabana ya faɗi. Don zoben ya zauna, yaron shagon ya bi wuyan da samfefa, ya zarce. “Saint” ya tafi gaba ɗaya, daga “Claude” saura “aude”, shi ma dishi-dishi. Garin neman gira an taɓa ido. Dattijon bai yi gardama ba, ya ba ni haƙuri, ya ce zai iya sake zana haruffan da hannunsa. Na ƙi. Rubutun da aka yi a Marwa bana ba zai zama na Saint-Claude ba, ko da ya fi shi kyau. Ya rage mini jaka biyu, na karɓa don kada ya ji na raina haƙurinsa.

Ga mai neman a ɗaure masa tsaga ko a yi masa aikin azurfa, zan tura shi wurin mutumin nan ba tare da shakka ba. Sai dai ya ɗauki hoton kowane gefe tukuna, ya liƙe hatimin da salatif da hannunsa, ya kuma nemi maigidan ya yi aikin da kansa. Laifina ne da na yi magana a kan haƙora na manta da rubutu.

Akwai ɓarnar da ni na yi, ba su ba. Da na dawo Garwa na cika kan da gishiri, na ɗiga masa alkol na farmasi ya kwana, kamar yadda masu gyaran lofe ke yi don zuƙe tsohon ɗaci. Da safe gishirin ya koma ruwan ƙasa, na ji daɗi na kai wa Goggo. Ba ta ko dubi azurfar ba. Ta kai shi hanci, ta daɗe, sannan ta miƙo mini ta ce, “Ya yi kyau, ɗan nan. Amma ƙamshin Baba fa, ina ka kai shi?”