Mun kai yara kamun kifi Tiga, sai dai zancen rigunan ruwa

Kada in ci haƙƙin kowa, Auta dai ya kama kifi. Da hannunsa, da fatsa, karfasa guda mai faɗin tafin hannuna. Yau kwana biyar ke nan, babu wanda zai shigo gidan nan bai sha labarin ba, har mai kawo mana ruwa. Don wannan kaɗai na so in yabi tafiyar in ja bakina in yi shiru.

Kun san masu tallan nan na WhatsApp: mota daga cikin gari zuwa madatsar ruwa ta Tiga, yawo a kwalekwale, koya wa yara kamun kifi, da abincin rana. Mun tashi daga Gyaɗi-Gyaɗi bayan ƙarfe takwas, muka bi hanyar Zariya ta Kura. Rabona da Tiga tun muna firamare, lokacin da malaminmu yake nuna mana ruwan yana cewa aikin zamanin Audu Bako ne, an gama a 1974, kuma da shi ake noman rani a Kadawa da Kura. Kogin Kano ne ke cika ta bayan ya ratso dajin Falgore. Tana nan yadda na san ta, ido ba ya ganin ƙarshen ruwan.

Kafin in tura kuɗi, sau biyu na tambayi mai shirya tafiyar ko akwai rigar kariya ta yara. Ya ce, "Hajiya, kowa da tasa." Muka isa bakin ruwa mu goma sha huɗu, riguna biyar. Biyar! Duk na manya, ɗaya ma da igiyar leda aka ɗaure ta a gaba. Na gwada wa Auta guda, ta sauko masa har gwiwa, in ya faɗa ruwa ta kansa za ta zame. Na ce, "Malam, ina sauran?" Wai ruwan yau kwance yake, babu iska, kuma Allah ne ke tsarewa. Na ce ƙwarai kuwa, amma ai sai ka ɗaure raƙuminka sannan ka yi tawakkali. Wace uwa ce a Kano ta manta da Bagwai, a 2021, da jirgi ya kife da 'yan Islamiyya a madatsar Watari? Sai ya hau dariya, wai matan birni tsoro. Wallahi dariyar nan ta fi ƙarancin rigunan ƙona mini rai.

Abban yara ya ce in yi haƙuri kada in ɓata wa mutane rana. Ya shiga da sauran, ni kuwa na riƙe 'ya'yana uku a gaɓa, biyu na kuka.

Wani dattijo masunci ne ya cece ni. Yana gefe yana gyaran tarunsa, ya yafito Auta, ya ce, "Zo nan, jikana." Ya nuna masa yadda ake soka tana a ƙugiya, ya ce karfasa bakin gaɓa take so, wajen ciyayi, ita kuwa tarwaɗa tana ƙasa cikin laka, sai yamma ta yi take fitowa cin abinci. Ba a yi rabin awa ba igiya ta motsa. Ihun da yaron nan ya yi, har na cikin kwalekwale sun waiwayo. Na ce, "Baba, ga na goro," da kyar ya karɓa.

Sai da muka kama hanyar gida na lura: Baban nan fa ba ya cikin abin da muka biya. Su nasu koyon kamun kifin, fatsa biyu ce aka jingina a jikin mota, ba mai koyarwa. To me na biya ke nan? Kujerar mota da shinkafar da ta huce?

Tiga kam zan koma, da rigunan da zan saya wa yarana da kaina. Shi kuwa mai shirya tafiyar, na tura masa saƙo ya dawo mini da kuɗin kwalekwalen yara uku. Ya karanta tun ranar Lahadi.