Jirgin ƙasan alfarma ko mota da direbanka? Na gwada duka biyun, ga yadda na gani

Jama'a tunda ana ta tambayata wanne ya fi, bari in faɗa gaba ɗaya in huta. In Allah ya hore maka kana son tafiyar hutu irin ta manya, kana ta waswasi tsakanin jirgin ƙasan alfarma mai ɗakin kwana da ma'aikaci a bakin ƙofa, da kuma sa kamfani ya tsara maka tafiyarka kai da iyalinka kawai, mota da direba da ɗan jagora, to batun kuɗi ajiye shi gefe tukuna, don duk wanda ka ɗauka aljihu zai ji a jikinsa. Fara tambaya, jirgin nan da rana yake tafiya ko da dare? Wallahi kusan duk hukuncin a nan yake.

Ni da uwargida mun zaga arewacin Indiya ta hanyoyin nan biyu, kuma kusan garuruwa iri ɗaya ne, Delhi, Jaipur, Jodhpur, Udaipur, Agra. Indiya tana da irin waɗannan jiragen da dama, Palace on Wheels shi ne dattijonsu tun 1982 yake kan layi, Maharajas' Express ya zo a 2010, ga Deccan Odyssey, ga Golden Chariot can kudu. Wanda muka shiga ba zan kira suna ba, don abin da ya dame ni ba halin kamfani ɗaya ba ne, haka tsarin yake. Kuma galibinsu lokacin sanyi suke aiki, daga wajen Oktoba zuwa Afrilu, saboda zafin Rajasthan, jihar da Jaipur da Jodhpur da Udaipur suke, a watan Mayu ba abin wasa ba ne.

A ba kowa haƙƙinsa, jirgin ya iya karɓar baƙo. Jar darduma tun daga bakin tasha, a rataya maka furanni a wuya, makaɗa na ta yi, ka shiga tarago ka tarar da ɗakinka da gado na gaske da banɗaki da shawa, ga ma'aikacin da tun ranar farko ya riƙe yadda kake son shayinka. Amma abin da ya fi komai a wajena shi ne akwati, sau ɗaya za ka buɗe shi ka jera kaya a kabad shikenan, ɗakin ne ke bin ka gari gari. Wanda bai taɓa tashi da asuba yana cusa kaya a jaka yana neman caja a ƙarƙashin gadon otal ba, ba zai san girman wannan ni'imar ba. Ga tikitin shiga wurare duk an saya, babu bin layi, babu ciniki da kowa, kai dai ka sa takalmi ka fito. In da dattijo a tafiyar ko mai ciwon gwiwa, wannan kaɗai ya isa hujja.

To sai dai da dare yake tafiya. Ana gama cin abincin dare zai ɗaga, ka leƙa taga ba ka ganin komai sai fuskarka a gilashi da fitilun ƙananan tashoshi suna wucewa, kafin gari ya waye kun isa. Ƙasar da ka biya maƙudan kuɗi don ka ratsa ta, a cikin barci ka ratsa ta, barcin ma in ya samu, domin layin dogon na kowa da kowa ne, jiragen fasinja da na kaya duk nan suke bi, a yi ta girgiza, a ja birki, a tsaya a jira wani ya wuce, kuma a Disamba da Janairu hazo kan rufe arewacin ƙasar jirage su riƙa rarrafe. Uwargida kam ba ta saba ba har muka sauka.

Da safe kuma sai a sauko da ku a zuba a bas, mai sanyi ne mai kyau ba laifi, amma bas ne dai, da ɗan jagora a gaba yana ɗaga allo kuna biye kamar 'yan firamare an fito da su yawon buɗe ido. A nan na gane ashe tafiyar rukuni na saya, an dai sa mata kaya masu tsada. A Jodhpur aka kai mu ganuwar Mehrangarh, wadda Sarki Rao Jodha ya fara ginawa a 1459 a kan wani dutse da ya fi mita 100 tsawo, in ka tsaya a sama kana hango tsohon gari gidaje shuɗaye shar, ni da za a bar ni sai in wuni a wajen ban gaji ba, amma ina, agogo na hannun wani, an riga an yi odar abincin rana a wani otal kuma jirgi yana da lokacin da hukumar jiragen ƙasa ta ba shi, ba ya jiran kowa. Sai ka ga wurin da kake so an ba shi ɗan lokaci, wanda bai dame ka ba kuma an zaunar da kai, sannan kullum akwai mutum ɗaya da sai an je nemo shi a shagon tsaraba kowa na zaune a bas yana hura hanci.

Taj Mahal da ke Agra ne ya raba min gardamar. Da jirgi sai da rana ta ɗaga muka isa, wurin ya cika maƙil, hoto ma sai ka yi dabara kafin ka samu wanda babu kan wani a ciki. Da muka koma da namu tsarin na mota, a Agra muka kwana, direba ya ɗauke mu tun da duhu, muna cikin na farko da aka buɗe wa ƙofa, don ana buɗewa ne gab da fitowar rana. Ginin farin dutsen nan da Sarki Shah Jahan ya sa aka fara ginawa a 1632 saboda matarsa Mumtaz Mahal, launinsa sauyawa yake da haske, na sassafe daban na hantsi daban, kuma sai da sarari kake iya matsawa kusa ka ga yadda aka fafe marmara aka dasa duwatsu masu launi a ciki suka zama furanni. Gini ɗaya ne amma wallahi kamar wurare biyu na je. A kula dai, ranar Juma'a a rufe yake ga masu yawon buɗe ido, duk mai tsara maka tafiya da ya sa ka a Agra ranar kaɗai to bai san aikinsa ba.

Sannan abubuwan da ke tsakanin garuruwa, waɗannan mota ce ke ba ka su cikin sauƙi. Tsakanin Jaipur da Agra in aka ɗan ratse akwai ƙauyen Abhaneri, inda rijiyar Chand Baori take, rijiya ce mai matakala hawa 13 zuwa ƙasa, matakalu wajen 3,500 an jera su kamar zane, ta haura shekara 1,000. Tsakanin Jodhpur da Udaipur kuma akwai wurin ibadar mabiya addinin Jain a Ranakpur, ginshiƙai 1,444 na marmara kowanne da irin sassaƙarsa. Mun ce direba ya tsaya ya tsaya, mun ce a tafi an tafi. Ranar da uwargida ta tashi da ciwon kai muka soke fitar safe da saƙo ɗaya, aka mayar da ita yamma, babu wanda ya ɓata rai. Wani abin kuma, fadojin da jirgi ke kai mutane su ci abinci ko su sha shayi su fito, kai a ciki za ka kwana in ka ga dama, Rambagh a Jaipur gidan sarki ne aka mayar otal, Umaid Bhawan a Jodhpur da aka kammala a 1943 har yanzu gidan sarautar na zaune a wani ɓangare, Lake Palace a Udaipur kuwa a tsakiyar tafkin Pichola yake sai da kwalekwale ake shiga.

Kar dai a ɗauka ita tafiyar motar ba ta da nata. Titi titi ne ko da motar ta fi ta kowa tsada, daga Delhi zuwa Jaipur wajen kilomita 280 ne, daga Jaipur zuwa Agra wajen 240, ga manyan motoci ga hon da ba ya yankewa ga shanu a tsakiyar hanya ba ruwansu, ka isa otal ƙugu ya riƙe. Ga haɗa kaya da kwance kaya. Ga yanke shawara da ba ta ƙarewa, ƙarfe nawa za a fito, ina za a ci abinci, a tsaya nan ko a wuce, wani lokacin har ka yi kewar mai allon nan da ke yanke maka hukunci. Kuma komai ya rataya ne a kan mutum biyu, direba da ɗan jagora, in ka dace ka more in ba ka dace ba ka shiga uku, mu direbanmu mutumin kirki ne ƙwarai, amma a wani gari muka haɗu da ɗan jagoran da rabin tarihin da yake bayarwa hanya ce ta kai mu shagon darduma, wai za a nuna mana yadda ake saƙa ne kawai, aka kawo shayi aka fara shimfiɗa kafet ɗaya bayan ɗaya, kowa ya san la'ada yake nema. Na kira ofishinsu aka canza shi washegari, to ka ga ko wannan ɗin ma aiki ne da kai za ka yi. Sai kaɗaici, a jirgi muna cin abinci da mutane daga ƙasashe daban daban ana hira har dare, a mota kuwa daga kai sai naka sai direba.

Inda jirgi ya yi zarra shi ne inda hanyar ce abin kallon. Glacier Express na Suwizalan, daga Zermatt zuwa St. Moritz, kilomita 291 ne kacal amma awa 8 yake ɗauka kuma duk da rana, gadoji 291, ramukan cikin dutse 91, ya hau mashigar dutse ta Oberalp mai tsawon mita 2,033, ya bi ta kan gadar Landwasser mai mita 65 wadda ta lanƙwasa ta shige cikin dutse kai tsaye. Wannan na shiga, kuma ko waya ban iya dubawa ba, babu direban da zai ba ka irin wannan kallon don shi titi yake bi kai kuma a kujerar baya kake. Rocky Mountaineer na Kanada su ma sun gane abin, ba su da ɗakin kwana sam, da rana kawai suke tafiya, in dare ya yi a kai fasinja otal a gari irin su Kamloops a ci gaba da safe, don kar duhu ya cinye duwatsun. The Ghan na Ostareliya kuma daga Adelaide zuwa Darwin kilomita 2,979 ne ta tsakiyar hamada, wa zai so ya yi wannan a mota da sunan hutu.

Akwai kuma wanda jirgin kansa ne abin zuwa gani, Venice Simplon-Orient-Express na Turai, wanda wani ɗan kasuwa James Sherwood ya bi taragun shekarun 1920 da 1930 ya saya ya gyara ya dawo da su layi a 1982. Wannan ban shiga ba tukuna, amma mai sha'awa ya karanta bayanin ɗakuna da kyau kafin ya biya, ƙananan ɗakunan na asali wurin wanke fuska kawai ke ciki, babu shawa, makewayi yana ƙarshen tarago, sai manyan ɗakunan ne ke da banɗakinsu, kuma abincin dare sai da shigar alfarma, jins ba ya shiga. Dubban fam a kan kwana ɗaya tak daga Paris zuwa Venis. Mai son tarihi da ado zai ce ya ci riba, mai neman ya miƙe ƙafa ya huta zai ce an cuce shi, kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Batun lissafi kuwa, jirgi kan mutum ake biya, mota da direba da ɗan jagora kuwa kuɗinsu kusan ɗaya ne ko ku biyu ne ko ku biyar, don haka iyali mai yawa tafiyar kansu ta fi musu sauƙi nesa ba kusa ba, mai tafiya shi kaɗai kuma a jirgi sai ya biya ƙari don ya riƙe ɗaki shi ɗaya. A wasu jiragen har da barasa a cikin kuɗin tikiti, wanda ba ya sha ya taya wasu biya ke nan. Ranakun tashi ma a ƙayyade suke, mashahuran cikinsu sai ka kama wuri watanni kafin lokaci, Seven Stars na tsibirin Kyushu a Japan da ya fara a 2013 har ƙuri'a ake yi saboda yawan masu nema, ka ga nan kuɗinka ma ba ya sayen layi.

Ni yanzu haɗawa nake yi, mota da direba su ne ƙashin bayan tafiyar, sai in saka jirgi na wuni ɗaya ko kwana biyu a daidai inda na tabbatar taga na da abin nunawa. Kuma kafin in tura wa kamfanin tsara tafiya ko sisi sai sun rubuto min sunan kowane otal da irin ɗakin, awa nawa za a yi a mota kowace rana, ɗan jagora ɗaya ne zai bi mu ko kowane gari da nasa, nawa za su mayar min in na fasa, da layi ɗaya da ke cewa ba za a kai ni shago ba sai in ni na nema.