Fim ɗin Queen ko taron Wembley na 1992: wanne ya fi nuna su wane ne?

Ɗan'uwa, ka ce ka kalli fim ɗin Bohemian Rhapsody ya burge ka, sai wani ya ce maka ai ba ka ga komai ba sai ka kalli taron tunawa da Freddie Mercury da aka yi a filin wasa na Wembley a 1992. Shi ne kake tambaya wanne ya fi nuna ƙungiyar Queen yadda take. A ganina fim ɗin ya fi daɗin kallo, taron kuma ya fi gaskiya, kuma tazarar da ke tsakaninsu ba ƙarama ba ce.

Don waɗanda ba su san su ba: mutum huɗu ne a Landan. Freddie Mercury ke waƙa da fiyano, Brian May ke kaɗa jita, Roger Taylor ke kan ganguna, John Deacon kuma, wanda ya shigo a 1971, ke riƙe da jitar bes. Ko ba ka san sunansu ba ka san sautinsu, domin duk mai zuwa gidan kallon ƙwallo ya sha jin We Are the Champions ranar ɗaga kofi. Shi Freddie a Zanzibar aka haife shi a 1946, sunansa na yanka Farrokh Bulsara, iyayensa 'yan Parsi ne daga Indiya. Juyin juya halin Zanzibar na 1964 ne ya sa suka yi ƙaura zuwa Ingila. Ya rasu ranar 24 ga Nuwamba 1991, kwana ɗaya bayan ya sanar da duniya cewa yana ɗauke da cutar ƙanjamau.

Fim ɗin ya fito a 2018, shekara 27 bayan rasuwar. Taron kuwa ranar 20 ga Afrilu 1992 aka yi shi, wata biyar bai cika ba. Wannan kaɗai ya isa ya bambanta su. Masu fim sun samu lokaci sun zauna sun zaɓi abin da za a faɗa da abin da za a bari. Waɗanda suka hau dandamali a 1992 kuwa raɗaɗin rashin bai sake su ba, kuma kana gani a fuskokinsu.

Ta ɓangaren nasara, fim ɗin ba a magana. An kashe kusan dala miliyan 50 wajen yin sa, ya dawo da sama da dala miliyan 900. Ya ci lambar Oscar huɗu a 2019, ciki har da ta gwarzon jarumi, wadda Rami Malek, Ba'amurke ɗan asalin Masar, ya ɗauka. Kuma ya cancanta. Yadda yake riƙe guntun sandar makirfon, yadda yake taku, yadda yake leƙen jama'a ta gefen ido, duk ya ƙware. Wannan kuwa duk da cewa an sallami daraktan farko, Bryan Singer, ana dab da gama ɗauka, Dexter Fletcher ne ya ƙarasa aikin. Sai dai ka sani muryar da kake ji tana waƙa ba ta Malek ba ce zalla. An haɗa ta da ainihin muryar Freddie da ta wani mawaƙi ɗan Kanada mai suna Marc Martel.

Inda nake da ja da fim ɗin shi ne tarihi, kuma a nan zan ɗan daɗe. Ginshiƙin labarin shi ne wai Freddie ya yi watsi da abokansa ya tafi yin waƙa shi kaɗai, ƙungiya ta watse, daga baya ya gano yana da cutar, ya dawo ya ba su haƙuri, ya faɗa musu halin da yake ciki, sannan suka hau dandamalin Live Aid, taron kiɗa na tara wa mutanen Habasha kuɗi lokacin yunwa, ranar 13 ga Yuli 1985 bayan sun daɗe ba su yi wasa tare ba. Labari ne mai taɓa zuciya, amma ba haka aka yi ba. Queen ba ta watse ba. Sun fitar da kundin The Works a 1984, suka zaga da shi ƙasashe, har suka yi wasa a bikin Rock in Rio na Brazil a Janairun 1985, suka kammala zagayen a Japan a watan Mayu, wata biyu kafin Live Aid. Abin da ya sa suka fi kowa a ranar ke nan, hannunsu bai huce ba. Batun waƙar ƙashin kai ma, Roger Taylor ya riga Freddie, tun 1981 ya fitar da nasa kundin, Brian May ma ya fitar da nasa aikin a 1983, na Freddie sai a 1985. Cutar kuma, bisa shaidar Jim Hutton wanda ya zauna da shi har ƙarshen rayuwarsa, a 1987 aka tabbatar masa da ita, shekara biyu bayan Live Aid.

Wannan na ƙarshen shi ya fi damuna. Ɗauko ciwon mutum a matso da shi baya don kawai ƙarshen fim ya sa 'yan kallo hawaye bai kwanta mini ba. Kuma ɗora masa laifin raba ƙungiya, alhali ba ya raye balle ya kare kansa, ba adalci ba ne, musamman da yake May da Taylor da manajansu Jim Beach suna cikin waɗanda suka tsaya a kan fim ɗin. Sauran gyare-gyaren ƙanana ne. We Will Rock You ta 1977 ce amma an kai ta 1980. Shugaban kamfanin faifai da ya ƙi waƙarsu Bohemian Rhapsody mai minti shida, Ray Foster, ƙirƙirarsa aka yi. Akwai kuma abin da aka tsallake gaba ɗaya wanda ya shafe mu a matsayinmu na 'yan Afirka: a Oktoban 1984 Queen ta je ta yi wasa a Sun City, wani wurin shaƙatawa a Afirka ta Kudu, lokacin da mawaƙan duniya ke ƙaurace wa Afirka ta Kudu saboda mulkin wariyar launin fata. Ƙungiyar makaɗan Birtaniya ta ci su tara, Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa sunansu a jerin waɗanda suka karya ƙauracewar. Kuskure ne babba, kuma fim mai son gaskiya ba zai ɓoye shi ba.

To taron 1992 fa? Shi ba shi da labari, ba shi da jarumi. Tikiti 72,000 suka ƙare cikin awa uku, tun kafin a faɗi su wa za su hau dandamali. An watsa shi kai tsaye zuwa ƙasashe 76. Rabin farko ƙungiyoyi ne irin su Metallica da Def Leppard da Extreme da Guns N' Roses, an kuma haɗa da ƙungiyar Mango Groove daga Johannesburg ta tauraron ɗan'adam. Wannan ɓangaren in ka tsallake shi ba ka yi babbar asara ba, sai dai jerin waƙoƙin Queen da Extreme suka haɗa. Rabi na biyu ne zancen. May da Taylor da Deacon suka tsaya da kayan kiɗansu, manyan mawaƙa suna hawa ɗaya bayan ɗaya suna rera waƙoƙin Freddie.

A nan ne za ka gane girman muryar mutumin, fiye da yadda fim zai gaya maka. Kayan da mutum ɗaya yake ɗauka a kansa cikin dare guda, sai ga shi mutum fiye da goma sun rarraba, kuma wasunsu suna nishi. Waɗannan ba ƙananan mawaƙa ba ne. Robert Plant na Led Zeppelin ya sha wahala da waƙar Innuendo, shi kansa bai gamsu ba, har ba a sa ta a faifan bidiyon da aka fitar ba. Waƙar Bohemian Rhapsody sai da aka raba ta: Elton John ya ɗauki farkonta mai sanyi, Axl Rose ya faɗo da gudu ya ɗauki ɓangaren mai zafi, suka ƙarasa tare. David Bowie da Annie Lennox sun yi Under Pressure da kyau sosai, daga baya Bowie ya durƙusa a kan dandamali ya karanta addu'ar Kiristoci saboda wani abokinsa da ke kwance da cutar. Wanda ya cike gurbin ba tare da tangarɗa ba shi ne George Michael a waƙar Somebody to Love, da mawaƙan coci suna masa amshi. Ya kai inda Freddie ke kaiwa, ya bar wa jama'a layin ƙarshe, filin gaba ɗaya ya karɓa. An fitar da wannan waƙar a ƙaramin faifai a 1993, ta hau lamba ɗaya a Birtaniya.

Game da cutar ma akwai bambanci. Fim ɗin ya taɓa ta sama-sama, ya rufe a Live Aid, bai nuna shekarun jinyar ba, lokacin da Freddie ke ci gaba da ɗaukar waƙoƙi a Montreux na Suwizalan jikinsa na ƙarewa. Taron kuwa saboda ita aka yi shi. A lokacin da mutane ke gudun ko gaisawa da mai ƙanjamau, fitacciyar jarumar fim Elizabeth Taylor ta tsaya gaban dubban matasa ta yi musu nasiha kan kare kansu. Kuɗin da aka samu da su aka kafa gidauniyar Mercury Phoenix Trust, wadda har yau take tallafa wa yaƙi da cutar a ƙasashe da dama, har da na Afirka. Daga baya May da Taylor suka shiga taron 46664 da aka yi a Cape Town a Nuwamban 2003 ƙarƙashin inuwar Nelson Mandela, shi ma kan ƙanjamau. Duk wanda ya ga yadda tsangwama ke sa marasa lafiya ɓoye kansu a garuruwanmu zai fahimci nauyin abin da aka yi a ranar.

Kada kuma ka ɗauka fim ɗin 2018 ne farkon hulɗar Queen da sinima. Su suka yi kiɗan fim ɗin Flash Gordon a 1980, suka rubuta wa Highlander waƙoƙi a 1986. A 1992 wani fim na barkwanci, Wayne's World, ya sa Bohemian Rhapsody a wani fage na samari cikin mota, waƙar ta koma lamba biyu a Amurka shekara 17 bayan fitowarta. Jarumin wancan fim, Mike Myers, shi aka ba matsayin Ray Foster a 2018, da gangan.

Wata gaskiya da ya kamata in faɗa maka tunda ka ce kana son nuna wa ƙannenka: fim ɗin akwai shaye-shaye da shagalin dare da mu'amalar Freddie da maza, ba na zaman falo da yara ba ne. Taron ma akwai 'yan kalamai da shigar da ba za ka so ba, musamman a rabin farko, amma mafi yawansa kiɗa ne da waƙa.

Tarukan da ake yi yanzu da sunan Queen wani abu ne daban. John Deacon ya ajiye kiɗa tun 1997, taron 1992 ne cikakken wasansa na ƙarshe da su. May da Taylor sun yi aiki da Paul Rodgers daga 2004 zuwa 2009, sannan da Adam Lambert tun 2011, su ne ma suka buɗe bikin Oscar na 2019. Lambert yana da murya, kuma na yaba masa da bai kwaikwayi Freddie ba. Amma wasa ne na nishaɗi, ba shi da nauyin na 1992.

Abu ɗaya da fim da taron suka yi tarayya a kai shi ne babu Freddie da kansa a cikinsu, sai 'yan hotunansa da aka haska. Saboda haka kafin ka yanke hukunci, nemi ainihin bidiyon Live Aid na 1985, taron da aka yi don tara wa mutanen Habasha kuɗi lokacin yunwa. Minti 21 ne kacal, yana nan a YouTube. Ka lura da wurin da ya tsayar da kiɗa, yana jefa wa mutum 72,000 kira suna amsa masa, yana ja suna ja. Gani ya kori ji. Za ka kuma tarar da waƙoƙi biyu da aka cire a fim ɗin da aka haska a sinima. Bayan shi sai ka wuce rabi na biyu na taron 1992. In datarka ba ta da yawa, fara da George Michael, sannan Bowie da Annie Lennox, sannan Elton John da Axl Rose.