Kwanon tuwo ɗaya ya ɗauki nauyin bidiyon waƙata, amma har yanzu da sauran ƙorafi

Na daɗe da rubuta wata waƙa a kan ci-rani, wato halin da gidajenmu suke shiga bayan girbi, idan samari suka ɗaure kaya suka nufi Legas ko Ibadan ko Fatakwal, aka bar iyaye mata suna ƙirga kwanaki har faɗuwar damina. Da na tara abin da zai isa, sai na kai aikin bidiyonta wani situdiyo a nan cikin garin Sakkwato. Kuɗin da suka yanka mini bai wuce yadda aka saba ba.

Abin da na je da shi a raina shi ne a ɗauke ni cikin sabuwar shadda, a tayar da jirgin ɗaukar hoto ya nuno Gulbin Rima daga gadar Kwalkwalawa, ni kuma ina mamin, wato ina bin waƙar da baki, ina dafe da ƙirji. Daraktan ya saurari waƙar sau biyu, sannan ya ce idan muka yi haka shaddar za a kalla, ba za a ji waƙar ba. Raina ya sosu, domin kuɗina ne, amma na bar shi.

A watan Janairu muka fita, hunturu ya kankama, hazo ya rage kaifin rana har ana iya ɗaukar fuska da hantsi ba tare da inuwa ta cinye idanu ba. Gwaggota ce ta fito a matsayin uwa, a tsakar gidanta da ke wani ƙauye a hanyar Dundaye, kuma ita kanta 'ya'yanta biyu suna Kudu a lokacin. Na ɗauka zai sa ta zauna ta yi tagumi tana hawaye, kamar yadda ake yi a yawancin waƙoƙin baƙin ciki. Sai na ji ya durƙusa ya ce mata, "Inna, kada ki yi kuka, ki dai kwashe tuwo yadda kika saba, har da na wanda ba ya nan." Ta jera kwanoni huɗu, ta cika uku, ta kai mara kan na huɗu, sai hannunta ya tsaya. Babu wanda ya ce ta tsaya. Ta ɗan jima a haka, ta mayar da tuwon cikin tukunya, ta ja faifai ta rufe kwanon da ba kome a ciki. Duk wannan lokaci kyamarar tana kan hannuwanta da kwanon, ba a nuna fuskarta ko sau ɗaya ba.

Sai da aka zo tacewa na gane abin da yake nufi. Ya ɗauki wurin ne da hoto 50 a daƙiƙa, ya mayar da shi 25, don haka motsin hannun ya ragu da rabi, mai kallo ya sami damar ganin shakkar da ke cikinsa. Ya kuma aza shi daidai inda kalangu yake yin shiru a waƙar, murya kaɗai ta rage, ya bar shi ya tafi a miƙe babu yanka, alhali hotunan tashar mota da suka gabace shi yana yanka su ne a kan kowane bugun kiɗa, ana ta lodi da hayaniya. Wannan sauyi daga gaggawa zuwa tsit shi ne ya faɗi abin da baitina ya kasa faɗa. Na tura wa yayana da ke Legas guntun wurin ta WhatsApp, ya kira ni, muka gaisa, ya tambayi lafiyar Inna, daga nan ya kasa ci gaba da magana ya kashe wayar.

Da a nan aikin ya tsaya, da yabo kawai zan rubuta. An yi mini alkawarin mako biyu, sai da na yi mako bakwai ina sintiri, kullum da uzurin rashin wuta, har aka karɓi ƙarin kuɗin man janareta da ba ya cikin yarjejeniya. Wannan ma mai sauƙi ne idan aka kwatanta da abin da ya yi wa ƙarshen bidiyon. Waƙata ba ta ce ɗan ya dawo ba, da gangan na bar uwar tana jira, domin haka gidaje da yawa suke. Shi kuwa ya ɗauki wani yaro a bayan idona, ya shigo da shi gida a kan sabon babur ana guɗa, wai masu kallo ba sa son a bar su cikin damuwa. Ya kuma canja launi daga toka-tokan lokacin jira zuwa ja-ja don nuna murna, dabarar da ba ta da laifi, sai dai hannunsa ya yi nauyi har fuskoki suka koma kamar an shafa musu manja. Ina mamakin yadda mutumin da ya hana tsohuwa kuka don ya yarda da hankalin mai kallo, shi ne kuma ya kasa yarda da shi a minti na ƙarshe.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne tambarin situdiyon da lambar wayarsu, da suke fitowa a ƙasan allo daidai kan faifan nan da gwaggota ta rufe kwanon da shi. Na nemi a cire tambarin da wurin babur, an ce sai na biya kuɗin sabon tacewa. Na nemi ainihin hotunan da aka ɗauka in kai wa wani, an ce ba a bayarwa. Bidiyon yana nan a wayata ban sake shi ba, kuma ranar Asabar zan sake komawa tare da wanda ya haɗa mu.