Neman baƙuwar gada a furotin: inda ya kamata kuɗinka su tafi

Idan kana digiri na biyu a bayokemistiri a nan Bauchi, kuma kana zargin furotin ɗinka yana da wata gada da ba a saba gani ba tsakanin amino asid biyu, shawarata ɗaya ce: tara kuɗinka ka kai wa mas spek, injin awon nauyin ƙwayoyi.

Kowace gada tana barin sawunta a nauyi. Ta disalfaid, tsakanin sistein biyu, tana rage dalton 2 (dalton shi ne ma'aunin nauyin ƙwayoyi). Ƙullin laisin da asparajin, irin wanda masana a Niyuzilan suka gano a 2007 a gashin jikin ƙwayar cutar Streptococcus pyogenes, amoniya yake zubarwa, nauyi ya ragu da 17. In aspartik asid ne, ruwa ke fita, 18 ke nan. Gadar NOS kuwa, wadda aka bayyana daga Gottingen ta Jamus a 2021 a wani enzayim na ƙwayar ciwon sanyi, oksijin ne guda ya shiga tsakanin laisin da sistein, sai nauyi ya ƙaru da kusan 14. Fara da auna furotin ɗin sukutum, ka gwada da nauyin da lissafin jerin amino asid ɗinsa ya ba ka. In an ga bambanci, sannan a yayyanka shi da tirifsin, enzayim mai yanka furotin, a yi LC-MS/MS, wato a ware gutsattsarin a auna su a mas spek, don a san gurbin gadar.

Ba na musu, hoton kristal na furotin, wanda ake ɗauka da hasken X, shi ne ya fara nuna ƙullin laisin da asparajin da kuma gadar NOS. Amma kristal sai ya cinye maka watanni bai fito ba, duk Afirka babu sinkurotoron, babban injin samar da hasken X mai ƙarfi, ko ɗaya, ga shi hasken X ɗin kansa yana iya tsinka disalfaid. Cryo-EM, wato ɗaukar hoton daskararren samfuri da madubin elektron, ba na aljihun ɗalibi ba ne. AlphaFold, shirin kwamfuta, hasashen siffa yake yi, ba hujja ba. Jel na SDS-PAGE mai ware furotin bisa girma, layi ɗaya da DTT (sinadarin warware disalfaid) ɗaya babu, yana da araha, amma alama kawai zai ba ka. Sai dai kafin ka kashe ko sisi, leƙa PDB, rumbun siffofin furotin a intanet, kyauta ne.

Matsalar tana wajen dillalai. Wani mai karɓar samfuri yana kaiwa waje ya taɓa dawo mini da PDF mai launi shar, na nemi ɗanyen fayil ɗin da injin ya fitar, sai kame-kame, daga baya waya ta daina shiga. Sakamakon da babu wannan fayil, ba ka da tabbacin samfurinka ma aka auna. Tambayi sunan ɗakin gwajin da nau'in injin tun kafin ka biya.

Ko masu gaskiyar ma, a sa musu ido. Aikinsu na kullum shi ne zuba DTT kafin yanka, shi kuwa yana warware disalfaid da NOS baki ɗaya, sai a ce maka "babu komai". Rubuta musu ɓaro-ɓaro: a raba samfuri biyu, rabi kada DTT ya taɓa shi, a toshe sakakkun sistein da sinadarin NEM, kada kuma pH ya yi sama, domin a nan gadoji kan sauya abokan zama, ka yi ta murnar gano abin da bututun gwaji ya ƙirƙira.

Ga zafin watan Afrilu, ga wuta da ke ɗaukewa firiza ta narke. Busar da samfurin ya zama gari kafin ya hau mota. DTT da aka juye a kwalba marar lamba kada ka saya, komai arha. Dillali kuma a ba shi rabin kuɗi, sauran sai ɗanyen fayil ya shigo imel ɗinka.